Kajin da Muka Kai wa Jummai Jos

Tun ranar da na dawo daga Jos ban huta ba. Wadda ta shigo ɗibar wuta sai ta jawo kujera, wadda ta zo aron rariya sai ta kwance goyo, kowacce da tambayarta: "Iya Kande, yaya Jos? Wai da gaske ruwa daskarewa yake a randa? Wai me ya sami Hajiya Asabe ta dawo zani na zame mata?" Na faɗa har muƙamuƙina ya gaji. Kuma na lura in na ba mace ɗaya labarin da safe, kafin la'asar ya zagayo ya dawo mini da abin da ban faɗa ba. To tunda da furfurata na je na zauna a ajin yaƙi da jahilci yara suna leƙe suna dariya, bari wahalar ta yi rana. Ga shi na rubuta. Mai karatu ya karanta wa marar karatu. Wanda ya ga baƙi a karkace ya miƙe shi da kansa, ni hannuna rawa yake.

Abin da ya kai mu, jikata Jummai ce ta haihu, 'yar babban ɗana. Mijinta Sale tela ne a can, a wata unguwa wai ita Rikkos. Haihuwa ta uku ce, don haka ba ta zo gida wanka ba. Uwarta kuwa ba ta zuwa, Jummai 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Sai aka tashi mu uku: ni, da autata Lantana, da Hajiya Asabe yayar uwar Jummai, mai sayar da zannuwa da turare a nan Malumfashi. Kun dai san ta. Tun da ta sa haƙorin Makka ba a ƙara ganin ta yi murmushi baki rufe ba.

Ana gobe za mu tafi mata suka cika ɗakina da gargaɗi. Wannan ta ce mutanen dutse ba abin da ba sa ci. Waccan ta ce kar in karɓi ko goro a hannun wanda ba ya salla. Duk cikinsu ba wadda ta taɓa wuce Funtuwa, amma sun san Jos ciki da bai. Ni ma na biye musu, na buga ƙirji a gaban Hajiya da Lantana na ce in dai ni ce Kande, abin da ya fito daga tukunyar da ban san mai ita ba ba zai wuce maƙogwarona ba. Na ƙulle ƙuli-ƙuli a tsumma na ce shi ne abincina. Na manta turamen haƙorana sun daɗe da tafiya.

Uwar Jummai ita ba gargaɗi ta kawo ba. Kajinta huɗu da ta yi kiwo da hannunta ta sa aka yanka, ta yi farfesu da daddare, ya sha masoro da kimba da citta, ta juye a babbar samira ta ɗaure da zani. Da asuba ta miƙa wa yayarta ta ce, "Yaya, ki ba yarinyar nan, ita kaɗai." Hajiya ta ce, "Haba, sai kin faɗa?"

A Zariya muka canja mota, muka shiga irin ƙaramar bas ɗin nan da injinta ke ciki kusa da direba, an rufe shi da murfi kamar akwati. Hajiya ta kama gidan gaba, ta ɗora samira a kan murfin.

Direba ya ce, "Hajiya, wurin nan zafi yake yi."

Ta ce, "Shi nake so, ɗana. Mu kai mata da ɗuminsa."

Har ni na yaba dabarar, ba zan ɓoye ba.

Damina ce, ruwa ya bi mu tun daga Zariya. Mun wuce Pambeguwa kaɗan muka tarar da wata babbar motar katako ta kwanta a tsakiyar hanya kamar jakin da ya ƙi kaya. Nan muka yi azahar, nan muka yi la'asar. Direba ya ƙi kashe mota wai in ya kashe sai an tura, don haka kajin Jummai suna nan zaune a kan ɗuminsu, ba su tafasa ba, ba su huce ba.

A zaman nan na san mutanen motar. Akwai wani soja mai rediyo da ya hana kowa tari in ana labarai. Akwai wata Bayarabiya mai buhunan barkono da ta sa mu atishawa har Jos, in ka kalle ta ta ce maka "sannu" kamar ba ita ba. Sai wani tsoho da ya ce ya yi leburancin haƙar kuza tun zamanin Turawa, yatsunsa biyu ma can ya baro su. Shi ya ɗauki Hajiya da hira.

Ya ce, "Ai Jos, Hajiya, abinci ba ya lalacewa. Garin gaba ɗaya firji ne. Ka ajiye miya a ƙasa kan siminti, kwana uku ka dawo ka same ta yadda ka bar ta."

Na ce, "Malam, kai ka taɓa dafa miyar, ko ci kawai kake?"

Ya ce shi dai gwauro ne, a kasuwa yake ci. Hajiya ba ta ji wannan ba, ta dai ji firji.

Bayan Saminaka muka iso inda aka ce iyakar jihar Filato ke nan. Ni na zaci zan ga ganuwa ko ƙofa. Ganguna biyu ne da katako mai ƙusoshi, da ɗan sanda cikin wata ƙatuwar kwat har gwiwa. Akwai allo da rubutu a gefe. Na ce yau karatuna zai yi amfani, na ƙura ido ina haɗa baƙi, ina ta haɗawa ba ya ba da magana. Sojan nan ya ce, "Mama, Turanci ne." Ka ji fa. Shekara biyu ina zama kan tabarma, ashe hukuma ba da ni take ba.

Ɗan sanda ya leƙo, hancinsa ya kai shi kan samira. Ya ce, "Mene ne a ciki?"

Hajiya ta ce, "Jiƙon maijego ne, ranka ya daɗe. Namiji ba ya buɗewa."

Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Motar duk aka yi dariya bayan mun wuce, Hajiya ta fi kowa, haƙori yana walƙiya.

Daga nan mota ta kama hawa. Kunnuwana suka toshe, iska ta canja, na jawo mayafi na ƙara da zanin salla. Duwatsu ne wani kan wani kamar yara sun yi wasa sun tafi. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne a gona, da manyan garemani, wasu da goyo. Na ce wa Lantana, "Kalli, ke da in kin share tsakar gida sai kin kwanta."

Ana kiran magariba muka shiga gidan. Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, bayi biyu, madafa ɗaya ta kowa da kowa. Ba zaure, ba katangar da ta raba wannan da wancan. Ƙato ya fito da tawul a wuya ya ce maka "sannu Mama" ya wuce. Da Bahaushe, da Bayarabe, da mutanen ƙasar, kowa da Hausa yake magana, sai dai Hausar ba ta san mace ba, kowa "shi" ne. Sale ya tarbe mu ya ce, "Iya, kin iso? Ai na zaci sanyi ya mayar da ke daga hanya." Na ce, "Rufe mini baki, kawo bargo." Jummai kuwa ta yi ɓul-ɓul, jaririya kamar a sace.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wata mata ce, Mama Gyang ake ce mata, da sunan babban ɗanta. 'Yar ƙabilar Birom ce, Kirista, mijinta ya rasu, tana sayar da kayan miya a bakin titi. Gajera, kakkaura, da suwaitar maza da ɗankwali an ɗaure tam. Jummai ta ce daren da naƙuda ta kama ta Sale yana shago, matar nan ce ta kai ta asibiti ta kwana a kanta, kuma tun da aka dawo ita ke dafa mata ruwan wanka safe da yamma, ita ke kai manyan yaran makaranta. Ta zo ta durƙusa ta gaishe mu ta ce, "Sannu da zuwa, Mama. Jummai ya yi ƙoƙari, yarinya ya yi kama da kai." Na ce a raina to ni ma na zama namiji ke nan.

Aka ba mu ɗakin wani maƙwabci da ya yi tafiya. Muna shiga na ce, "Hajiya, a kai kajin nan wuta su tafasa. Tun jiya fa." Kowa a garin nan ya san wannan, ko yarinyar da ba ta fara ɗaura zani ba: abin da ya kwana, ko ya yini, sai ya ga wuta.

Hajiya ta leƙa waje ta dawo ta rufe ƙofa. Ta ce, "Iya Kande, kin ga madafar? A tsakiyar gida take. In na ɗora farfesun nan, ƙamshi ya tashi, yaran gidan nan sun fi ashirin. Ɗaki nawa zan zuba wa? Me zai rage wa Jummai?"

Gaskiya ta faɗa a nan. A wurinmu ma abin da maƙwabci ya shaƙa sai ya ɗanɗana, in ba haka ba an yi ta yi da kai ke nan.

Na ce, "To a ba ta yanzu ta ci."

Ta ce, "Ta riga ta ci tuwo. Gobe in yara sun tafi makaranta, mata sun tafi kasuwa, sai a ɗumama. Ba ki ji abin da tsohon nan ya ce ba? Taɓa simintin nan ki ji."

Na taɓa, ƙanƙara. Ta tura samira ƙarƙashin gado. Na gaji, ƙafafuna sun kumbura, na kwanta.

Da safe alwala ta kusa fitar da ni daga Musulunci. Ina sallamewa na ji ƙararrawar coci, ba wanda ya ko waiga. Hantsi ya ɗaga kaɗan sai ga Mama Gyang da langa tana tururi. Ta ce gwate ne ta yi wa baƙi. Tun ba a tambaye ta ba ta ce, "Babu nama a ciki, Mama. Acca ne da yakuwa da gauta da wake." Alamar ta saba da irinmu. Kamar faten tsakinmu yake, sai dai ya fi shi laushi. Hajiya ta dangwala cokali ta taɓa a harshe don kar a ce, ta ce an gode. Lantana ta yi cokali biyu. Ni na kau da kai na ce na ƙoshi.

Na ƙoshi da me? Tun jiya ƙuli-ƙuli ɗaya nake tsotsa. Da matar ta fita na ce bari in mayar mata da kwanonta kar ya huce a banza. Na ɗauka na zagaya bayan ɗakuna inda ake shanya, na zauna kan wani dutse, na ce bari in ji abin da suke ci ne don in ba da labari. Ban san lokacin da na ga gindin langa ba. Har yatsa na sa. Na wanke na kai mata, na zauna wurinta ina taya ta gyaran alayyafo muna hira, ban koma ɗaki ba sai azahar. Na tarar da ƙofa a sakaye, sai da na buga. Hajiya tana sakace, Lantana tana kallon rufi. Na ce yaya kajin? Hajiya ta ce gidan bai yi shiru ba tukuna, sai gobe.

La'asar sakaliya Lantana ta fara. Ta ce cikinta na murɗawa, kafin in ce me, ta yi waje da gudu tana toshe baki. Ba a jima ba Hajiya ta bi ta. Amai, gudawa, amai, gudawa, ga zufa mai sanyi, ga jiki zafi. Bayi biyu ne a gidan, baƙi biyu suka kama su duka, masu gida suna tsaye da butoci suna jira. Wani Bayarabe ya ce, "Mama, mutanenki haya suka kama a ciki?"

Jummai ta fito daga ɗaki ta ce a tafasa ruwa, a sa gishiri ɗan abin da yatsu za su ɗebo, da ƙwayoyin sukari, a ɗanɗana kar ya fi hawaye gishiri. Wai haka aka koya musu a wurin awo. A riƙa ba su kurɓi-kurɓi, ko sun amayar a jira kaɗan a sake ba su. Na ce, "Mutum na zubar da ruwa ta sama ta ƙasa, ki ƙara masa?" Ta ce, "Iya, randa in tana yoyo ai ƙara mata ake har a liƙe, ba barinta ake ta bushe ba." Na ce jikar nan ta fara raina ni, amma na yi yadda ta ce.

Lantana ta sha, don na tsaya a kanta da muciya. Hajiya ta tambayi wa ya tafasa ruwan. Aka ce a murhun Mama Gyang aka ɗora, shi ke da wuta. Ta ture kofin.

Ta ce, "Ba ta gama da ni ba ke nan? Ni za a yi wa sammu? Gida cike da mutane, ba wanda ya kwanta sai mu baƙi? Me muka ci a garin nan in ba abin da matar nan ta kawo ba?"

Ba a hankali ta faɗa ba. Daga bakin ƙofa, tana dafe da bango, gidan duk yana ji. Ta ce matar ta ga zannuwa da awarwaro ne ta yi baƙin ciki. Ta ce wa Sale ko dai a fitar da matar nan daga gidan, ko ta tafi da Jummai da jaririya Malumfashi. Mama Gyang tana tsugune tana iza wutar ruwan wankan Jummai. Ta miƙe, ta kalli Hajiya, ta kalli Jummai. Ta shiga ɗaki ta rufe. Sale ya rasa inda zai sa kansa, suruka ce, ba ya iya musa mata. Kafin isha magana ta fita titi. Matan unguwa suna leƙowa, wata na ji tana cewa dama ita ta daina sayen tumatir a wurin Mama Gyang.

Ni fa na san gwaten nan ba shi ba ne, tunda rabon mutum uku yana cikina yana zaune lafiya. Amma in faɗa, in ce me? Ni da na buga ƙirji? Na ce bari dai gari ya waye, wataƙila Hajiya ta sauko.

Gari ya waye ba ta sauko ba, sai ma abin da ya ƙaru. Lantana ta samu sauƙi, tana zaune tana kurɓar ruwan gishirinta kamar marainiya. Hajiya kuwa idanu sun faɗa, leɓe ya tsage, harshe ya bushe kamar ɓawon itace, tun jiya ba ta yi fitsari ba. Jummai ta ja fatar hannunta ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta ce, "Iya, wannan sai asibiti." Hajiya ta ce ba inda za ta, a kira malami, a kira mai gidan haya. Aka aika a kira mai gidan, wani Alhaji ne a unguwar Dilimi mai motocin haya.

Muna jiransa na tuna yarinyar nan ko ɗanɗana kajin uwarta ba ta yi ba, ga shi ruwan wanka ma yau ba wanda ya dafa mata. Na ce bari in ɗumama mata ko ta ji daɗi, kowa ya shaƙa ya shaƙa. Na jawo samira. Na ji ba nauyi. Ina ɗaga murfi wani tsami ya buge ni har sai da na zauna. Romo ya yi kumfa yana tsattsafowa, yana yauƙi. Kaji huɗu kuwa ba cinya ko ɗaya, ba ƙirji, sai wuya da ƙafafu da ƙasusuwa an tsotse an mayar.

Na kalli Lantana. Ni na haife ta, ba sai na yi tambaya biyu ba.

Ta fashe da kuka ta ce, "Inna, Hajiya ce ta ce mu ɗanɗana mu ji ko yaji ya ji. Ya ɗan yi tsami, ta ce kimba ce."

Na ce, "Da sanyinsa?"

Ta ce, "Da sanyinsa."

Na ce, "Ni me ya sa ba a kira ni ba?"

Ta ce, "Ta ce bakinki ba ya riƙe magana."

To, ta yi gaskiya.

Alhaji ya iso da babbar riga da suwaita a ciki, aka ba shi kujera a tsakar gida, 'yan haya suka kewaye. Aka buga wa Mama Gyang ƙofa ta fito, idanunta sun kumbura. Alhaji ya ce shi shekara goma bai taɓa jin kanta da kowa ba, amma zancen guba ba ƙarami ba ne, in unguwa ta ɗauka ba zai iya hana komai ba, gara ta nemi wani wuri cikin mutunci. Ta ce, "Alhaji, ina zan je da yara?"

Na fito da samira na dire a gabansa na buɗe. Sai da ya ja kujera baya.

Na ce, "Alhaji, ga mai sammun. Daga Malumfashi muka zo da shi, a gidan gaba ma ya zauna." Na ba su labari tun daga murfin inji har ƙarƙashin gado. Na ce, "Gwate kuwa, Hajiya harshe ta taɓa, wannan cokali biyu ta yi. Sauran langar ni na cinye a bayan ɗaki, har na suɗe. In da guba a ciki da yanzu kuna haƙa mini rami. Ku dube ni."

Bayaraben nan ne ya fara dariya, sai gidan ya ɗauka. Lantana ta rufe fuska da zani. Jummai ba ta yi dariya ba, ta tsaya tana kallon ƙasusuwan kajin uwarta. Na ce mata, "Ki gode wa Allah da ya ba ki iyaye masu haɗama. Da amana suka riƙe, da ke ce a kwance, ga jaririya a nono."

Mama Gyang ita ma ba ta yi dariya ba. Ta leƙa ɗakinmu ta kalli Hajiya, wadda a lokacin ko ɗaga kai ba ta iyawa, ta juyo ta ce wa wani yaro ya ruga unguwar Rayfield ya kira Gyang. Direba ne a gidan wani babban ma'aikaci a can. Ba a daɗe ba ya zo da motar ogansa, baƙa, tana sheƙi. Hajiya da ta saba gidan gaba, a baya aka shimfiɗe ta da fo a gefe. A asibiti suka rataya mata ruwa, leda bayan leda. Nas ta ce da an ƙara yini ɗaya da sai dai wani zancen, ta kuma yi mana faɗa wai me ya sa ba a ba ta ruwa tun jiya ba. Na ce, "'Yar nan, in ta farfaɗo ki tambaye ta da kanki."

Da za mu dawo Gyang ya biya da ni Rayfield ya mayar da mota. Gidaje ne manya-manya, kowanne da fili ya ishi gonar gero, an shuka furanni da ba a miya da su. Kare ma da ɗakinsa. Shiru kamar ana zaman makoki. Matar ogan ta ba ni ganye ɗanye a faranti da cokali mai yatsu, wai salak. Na ci. A lokacin ba ni da sauran bakin cewa ba na ci.

Aka yi suna Hajiya tana gadon asibiti, yarinya ta ci sunan Hadiza. Mama Gyang ba ta fito ba. Ta dawo da dafa ruwan wanka, amma sai ta ajiye a bakin ƙofa ta juya. Abinci kuwa ko yaran Jummai ta daina miƙa wa, su da kullum a ɗakinta suke karyawa. Ƙaramin ya je ya tsaya mata a ƙofa, ta ce, "Je wurin mamanka." Jummai ta yi kuka a kan wannan fiye da kajin. A bakin titi ma, Sale ya ce, kayan miyarta sai sun yi yaushi ba a saya ba, don labarin guba ya riga labarin kaji fita, kuma ya fi shi daɗin faɗa.

Da aka sallamo Hajiya, Alhaji ya dawo. Ya ce maganar da aka yi a tsakar gida, a tsakar gida ake janye ta, kuma a kira matan unguwa su ji. Hajiya ta ce jiri take ji. Na ce, "Zan riƙe ki." Na riƙe ta kuwa, tam, har tsakiyar gida.

Ta tsaya, ta kalli ƙasa, ta kalli famfo, ta kalli sama. Can ta ce, "Maƙwabciya, ashe kaji ne."

Na matse mata hannu.

Ta ce, "Na ɗauki alhakinki. Ki yafe ni."

Mama Gyang ta goge hannu a zani. Ta ce, "Hajiya, tun ranar da kun zo na san kaji ne. Na ga mai yana ɗiga a zanin da kin ɗaure kwano. Wuta yana ci a murhuna, ba kowa a madafa. Sau biyu na zo bakin ƙofarku in ce ki kawo in tafasa miki, ba wanda zai taɓa. Na ji tsoro kar ki ce roƙo na zo. Shi ne na koma."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Hajiya ta sunkuyar da kai.

Mama Gyang ta juya ta ga ƙaramin yaron Jummai yana raɓe da bango yana kallonta. Ta ce, "Kai kuma me kana tsaye? Je ka kawo kwanonka."

Washegari muka kamo hanya. Hajiya ta lulluɓe da mayafi har Zariya, ni ma ban tsokane ta ba. Wannan shi ne abin da ya faru a Jos. Wadda ta ji wani abu daban a bakin wani, ta zo ta same ni, ina gida.